Amsar Wasiƙunku: Manhajar Ƙara Muryar Waya, Riba Ce Ko Asara?

   

A wannan mako mun haɗa wasiƙu uku wuri guda, domin duk a kan abu ɗaya suke tambaya.

Ta farko ta fito daga wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau da ke Kano. Ya ce hayaniyar kasuwa ba ta barinsa ya ji saƙon murya da abokan cinikinsa ke aiko masa ta WhatsApp, sai wani yaro mai cajin waya ya tura masa wata manhaja wadda aka ce tana ninka muryar waya. Da farko ya ji daɗinta, amma yanzu sifikar wayar ta fara kakari kamar fasasshen tulu. Yana tambaya, shin manhajar ce ta jawo masa?

Ta biyu daga wani manomi ne a yankin Funtuwa. Ya ce ɗansa saurayi yakan wuni, har ya kwana, da iyafis a kunne, wato abin sauraron nan da ake cusawa a kunne, kuma yanzu in an kira shi sai an maimaita. Yana so ya san ko akwai abin da zai sa wa wayar yaron don muryarta ta daina wuce wata iyaka.

Ta uku kuwa wata baiwar Allah ce mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli daga wajen Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Ta ce mahaifinta ya manyanta, jinsa ya ragu, ba ya jin 'ya'yansa sosai in sun kira shi daga nesa. Ko irin wannan manhaja za ta taimake shi?

To, madalla. Mun gode muku da waɗannan tambayoyi. Amsar a taƙaice ita ce, manhajojin nan iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su a buhu ɗaya ba. Akwai mai tsara murya, akwai mai ƙara murya. Mai tsarawa tana da amfani, sai dai yawancin aikinta yana nan cikin wayarka tun daga kamfani. Mai ƙarawa kuwa tana da ɗan amfani a wuri ɗaya tak, amma bashi take ciwo maka, kuma sifika da kunne da aljihu su ne masu biya. Bari mu bi su daki-daki.

Da farko, ga wanda bai saba da kalmar ba, manhaja wani ɗan tsari ne da ake sa wa babbar waya don ta yi wani aiki na musamman. Kamar bijimin huɗa ne: yau ka ɗaura masa garma, gobe ka ɗaura masa amalanke. Aikin ya canza, amma bijimin shi ne dai, ƙarfinsa bai ƙaru ba. Ku riƙe wannan misali, za mu koma kansa.

Abu na biyu da ya kamata a sani, waya ba murya ɗaya gare ta ba. Akwai muryar ƙararrawar kira, akwai ta agogon tashi, akwai ta shigowar saƙo, akwai muryar wanda kake magana da shi, sannan akwai ta waƙa da bidiyo da rediyo da saƙon murya. Kowacce da ma'auninta daban. Tun daga Android 9 da ta fito a 2018, in ka danna maɓallin gefen waya ba tare da kana cikin kira ba, yawanci muryar waƙa da bidiyo yake taɓawa, ba ta ƙararrawa ba. Shi ya sa za ka ga mutum ya danna maɓalli har ya ƙure, amma kira ya shigo bai ji ba, ya ce wayar ta lalace. Wayar lafiyarta ƙalau. Ya shiga saitin, wajen sauti, zai tarar da layukan nan a jere, sai ya ja wanda yake so.

MAI TSARA MURYA

Irin ta farko ba ta ƙara wa waya komai, tsari kawai take yi. Kana iya gaya mata, daga ƙarfe goma na dare zuwa asuba ki yi shiru, in gari ya waye ki ɗaga ƙararrawa don kasuwa. Wasu sukan sa mata lokutan salla, don kada wayar ta ɓarke da kiɗa ana tsakiyar sahu. Tana iya kulle murya a wuri ɗaya, yadda aljihu ko hannun yara ba zai sauya ta ba. Wayoyin Android da yawa matakai 15 gare su na muryar waƙa, to wata manhajar takan rarraba su su zama ƙanana, ga wanda mataki ɗaya ya yi masa ƙasa, na gaba kuma ya yi masa sama. Babban amfaninta kuwa shi ne ga wanda maɓallin gefen wayarsa ya mutu. Sai ta fito masa da wani a kan gilashin wayar, ya ci gaba da lallaɓawa kafin ya sami kuɗin gyara. Wannan duk alheri ne.

Amma ita ma tana da nata cikas. In ka manta ka sa ta shiru, mai sayen kaya ya kira, ko direban mota ya iso tasha yana nemanka, ba za ka ji ba, ciniki ya wuce. Har ila yau, wayoyi masu ƙaramar ƙwaƙwalwa sukan kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, sai ka dogara da ita ta yi shiru a masallaci, ashe ta daɗe da barci. Don haka kafin ka sauko da wata, duba abin da ke cikin wayarka. In ka jawo saman gilashin ƙasa, za ka ga wata alama mai kama da jinjirin wata, ko da'ira mai layi a tsakiya. Wannan shi ne tsarin "kada a dame ni". Yana ɗaukar lokaci, kuma yana barinka ka zaɓi mutanen da kiransu zai shigo ko da wayar na shiru, kamar iyali ko maigidanka na kasuwa. Kyauta ne, ba talla, ba ya cin data.

MAI ƘARA MURYA

Yanzu sai mu zo ga wadda ta fi yawa a hannun jama'a, mai alkawarin ninka murya sau biyu, sau biyar, wata ma har sau goma. Malam na Dawanau, ka buɗe kunne da kyau, domin nan amsarka take.

Sifikar waya 'yar ƙarama ce, faɗinta bai wuce farcen babban yatsa ba. A cikinta akwai maganaɗisu, da wani siririn zaren tagulla da aka naɗe, da wata 'yar fata mai kaɗawa kamar fatar kalangu. Wuta ta bi ta zaren, fatar ta kaɗa, iska ta motsa, ka ji sauti. Ba wata manhaja da za ta ƙara wa wannan fata faɗi, ko ta ƙara wa maganaɗisun ƙarfi. Bijimin dai shi ne. Abin da manhajar ke yi shi ne ta tura sautin sama tun kafin ya isa sifika.

Kai mai awo ne, ka san mudu. In mudu rabi ne, akwai wurin ƙari. In ya cika ya yi tozo, duk abin da ka ƙara zubewa zai yi. Haka sauti yake a waya. Saƙon muryar da aka ɗauka nesa da baki, ko tsohon karatu da aka kwafo daga kaset, ko bayanin malamin gona da aka ɗauka a bayan taro, waɗannan rabin mudu ne. In manhaja ta ɗaga su kaɗan, za ka ji su sosai, ba tare da ɓarna ba. Wannan shi ne amfaninta na gaskiya, kuma ba za mu hana ta shi ba. Amma waƙoƙin zamani da yawancin bidiyo tun daga wajen haɗa su an cika mudun. In aka ƙara tura su, sai saman sautin ya yanke, shi ne kakarin nan da kake ji. Muryar ta yi ƙarfi, amma maganar ta dagule. Ga shi kuma zaren tagullan nan yana ɗaukar zafi, fatar tana kaɗawa fiye da yadda aka yi ta. Wasu sababbin wayoyi suna da abin kariya da ke rage wutar in abin ya yi yawa, amma ba kowace waya ba ce. Yau da gobe, sai fatar ta saki ko zaren ya ƙone.

Lambobin nan da take nuna maka kuma, kashi 200 ko kashi 500, kada su ruɗe ka. Masana sauti sun tabbatar cewa in ana so kunne ya ji kamar murya ta ninka sau biyu, sai an ninka ƙarfin wutar kusan sau goma. 'Yar sifikar nan ba ta da inda za ta kai wannan. Abin mamaki ma, da yawa daga cikin manhajojin nan da kansu sukan rubuta gargaɗi da Turanci a ranar da aka fara buɗe su, cewa suna iya lalata sifika ko kunne, kuma ba ruwan mai manhaja da abin da ya biyo baya. Mutum ya danna amincewa bai karanta ba. Bugu da ƙari, yawancinsu ba sa taɓa muryar kiran waya ko kaɗan, waƙa da bidiyo kawai suke ɗagawa.

To shin ita ta lalata maka sifika? Yana yiwuwa ƙwarai, tunda bayan sa ta ne kakarin ya fara. Amma ka da ka manta kana zaune cikin ƙurar hatsi da ƙaiƙayi, ga ƙurar hunturu. Ƙananan ramukan sifika sukan toshe, maganaɗisun ma yakan jawo garin ƙarfe. Ga abin da za ka yi. Cire manhajar gaba ɗaya, ka kashe wayar ka sake kunnawa. Sami busasshen burushin haƙori mai laushi ka share ramukan a hankali. Kada ka sa allura ko tsinke, za ka huda ragar da ke ciki. Sannan ka kunna magana a rabin murya. In ta fita tas, ka tsira. In har yanzu tana kakari, sifikar ta taɓu, sai ka kai wa mai gyara ya sauya ta.

Maganin ainihin damuwarka kuwa yana hannunka ba ka sani ba. In ka kunna saƙon murya a WhatsApp, ka ɗaga wayar ka kara a kunne kamar mai amsa kira, sautin zai bar babbar sifika ya koma ta ƙaramar da ke sama. Za ka ji shi sosai duk da hayaniya, kuma maƙwabcin rumfa ba zai ji farashin da aka yi maka tayi ba. In kuwa jama'a ne za su saurari labarai tare a dandali, a sa wayar cikin ƙwarya ko kwanon sha, muryar za ta ɗan ƙaru ba tare da an wahalar da komai ba. In ana son fiye da haka, a sayi 'yar sifikar nan ta bulutut, ita don wannan aikin aka yi ta.

MAGANAR KUNNE

Sifika dai in ta mutu akwai ta a kasuwa. Kunne fa? Nan ne muka zo kan wasiƙar Baba na Funtuwa, kuma ita ce ta fi nauyi a cikin ukun.

Can cikin kunne akwai wani ɗan wuri mai siffar dodon koɗi. A cikinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ku ɗauke su kamar ciyawa. In shanu sun bi ta kanta sau ɗaya, ta kwanta, gobe ta miƙe. In suka mayar da wurin hanyarsu ta kullum, sai ya zama burtali, ciyawa ta daina fitowa. Kaza da kifi in nasu sun mutu sukan sake tsirowa. Na ɗan Adam in sun mutu sun tafi ke nan, har yau likitoci ba su da maganin da zai dawo da su. Abin da ya sa wannan ciwo yake da yaudara shi ne ba ya zafi, ba ya jini, a hankali yake ci, sai bayan shekaru mutum ya farga.

Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Hirar mutum biyu tana wajen 60. A 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya tare da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun fitar da ƙa'ida, cewa baligi na iya sauraron desibel 80 har tsawon awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba. Ga yara kuwa 75 aka ce. Abin lura shi ne yadda lokacin ke zubewa in an ɗaga kaɗan: duk ƙarin desibel 3, sai lokacin ya ragu da rabi. A kan 90, awa 4 ne kacal a mako. A kan 100 kuwa, bai wuce minti 20 ba, a mako guda fa, ba a rana ba. Waya da iyafis in an ƙure su, da yawa sukan kai 100 har su wuce. To ina ga an ɗora manhajar ƙari a kai? Tun a 2015 hukumar ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa jinsu saboda irin wannan sauraro.

Shi ya sa tun 2013 ƙasashen Tarayyar Turai suka sa wa wayoyin da ake sayarwa a can iyakar desibel 85 ta iyafis, kuma duk wanda zai wuce sai wayar ta gargaɗe shi tukuna. Rubutun nan da kan fito a wayoyi da yawa in kana ɗaga murya da iyafis a kunne, yana tambaya ko ka tabbata, daga irin wannan ƙa'ida ya samo asali. Ba lalacewa ba ce, mai gadi ne. Wasu manhajojin ƙara murya ta bayan wannan mai gadi suke bi.

Ku manoma da masu sana'a, akwai abin da ya shafe ku musamman. Wannan kaso na mako ba na waya kaɗai ba ne, asusu ɗaya ne. Ƙarar injin niƙa, da injin casa, da injin ban-ruwa, da janareto, da babur, duk daga cikinsa suke ci. Yaron da ya wuni a bakin injin niƙa ya riga ya cinye kasonsa. In kuma ya sa iyafis ya ƙure murya don ta danne ƙarar injin, ya haɗa wa kunnensa duka biyu. Ɗan acaɓa mai tuƙi da iyafis kuwa, ban da kunne, ba zai ji odar motar da ke bayansa ba.

To Baba, e, akwai abin da za ka sa. Amma fara duba cikin wayar tukuna. Wayoyin Samsung suna da wurin sa iyakar muryar waƙa a cikin saitin sauti, har da lambar sirri da za ka kulle ta. Wayoyin iPhone ma tun 2020 suna da wurin rage ƙarar iyafis zuwa adadin desibel da ka zaɓa. In wayarsa ba ta da shi, nan ne manhajar kulle murya za ta yi amfani. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarshen murya. In matakan wayar 15 ne, kada a wuce na 9 ke nan. Wani gwaji mai sauƙi: in ka tsaya nesa da shi kamar tsawon hannu, ka yi magana yadda ka saba, bai ji ka ba sai ka ɗaga murya, to abin ya yi yawa. Haka in kai da ke gefe kana jin waƙar da ke kunnensa. Ya riƙa cirewa yana hutar da kunne, kuma ya daina kwana da shi.

Sai dai mu gaya maka gaskiya, yaron zamani ya fi ka sanin waya, kullen da ka yi da safe yana iya buɗe shi kafin azahar. Don haka ka zaunar da shi. Tambaye shi, in ya cire abin yakan ji wani ƙugi ko fito a kunnensa? Yakan ji kamar an toshe masa kunne da auduga? In ana hira a taro, yakan ji murya amma ya kasa tsince kalmomi? In ya ce e, to ciyawar ta fara kwanciya, a kai shi a auna jinsa tun da sauran dama. Garin neman gira kada a rasa ido.

MAGANAR ALJIHU

Akwai asara ta uku wadda ba a jinta da kunne. Yawancin manhajojin nan kyauta ake ba da su, to da me mai su yake cin abinci? Da talla. Kowane talla da ya faɗo maka, datarka ya ci, batirinka ya sha, kai kuma da kuɗi kake caji a shago. Wasu sukan ba da gwajin kwana uku, daga nan su fara cirar kuɗi duk mako. Mafi muni su ne na ɓarayi. A watan Janairun 2020 kamfanin Google ya bayyana cewa ya cire manhajoji 1,700 daga Play Store masu ɗauke da wata muguwar dabara da ake kira Joker, wadda ke shigar da mutum tsarin biyan kuɗi ba da saninsa ba. Irin waɗannan sukan ɓuya ne cikin ƙananan manhajojin da ba a zargi, masu kama da kayan taimako. In har a kasuwar da ake gadi an sami haka, ina ga abin da aka turo maka ta Xender ko bulutut daga wayar da ba ka san inda ta kwaso shi ba?

Yanzu kuɗin 'yan kasuwa da yawa a waya suke kwana, lambar sirrin banki ma ta saƙo take zuwa. Saboda haka ku lura da izinin da manhaja ke nema. Mai aikin murya ba ta da wata hulɗa da saƙonninka, ko sunayen mutanenka, ko hotunanka, ko inda kake. In ka ɗauki mai gyaran rediyo ya ce sai ka ba shi makullin rumbu, ai ka san ba gyara ya zo yi ba. In ta nemi irin wannan izini, hana ta, ka cire ta.

GA MAI RAUNIN JI

Hajiya ta Maraɗi, Allah ya saka miki da alherin kula da mahaifi. Amsarki ita ce, manhajar ƙara murya ba za ta biya masa bukata ba. Dalili na farko mun faɗa, yawancinsu ba sa aiki a kan kira. Na biyu, jin tsufa ba gaba ɗaya yake raguwa ba, siraran sautuka ne ke fara tafiya, irin su "s" da "sh" da "ts" da "f". Shi ya sa dattijo kan ce, ina jin muryarki amma ban gane me kike cewa ba. In aka ɗaga komai gaba ɗaya, hayaniya ce za ta ƙaru, ba fahimta ba.

Ga abin da zai taimaka. In kira ya shigo, a danna maɓallin ƙari ana cikin maganar, domin a lokacin ne yake ɗaga muryar mai kira. A kunna masa babbar sifika, ya zauna a ɗaki nesa da rediyo da surutun yara. Masu kiran su yi magana a tsanake, ba da ihu ba. A kunna masa girgizar waya don ya san an kira. Akwai kuma wata manhaja ta Google mai suna Sound Amplifier, wadda ta fito a 2019 domin masu raunin ji. Da iyafis take aiki, tana ɗaga ƙananan sautuka ta rage hayaniya, kuma ana iya saita kowane kunne daban. Za ta taimake shi wajen hira a gida da sauraron saƙon murya, amma ba ta maye gurbin na'urar ji ta asibiti.

Abu mafi muhimmanci, a kai shi a duba kunnen. Sau da yawa dauɗar kunne ce ta taru ta toshe, ma'aikacin lafiya ya fitar da ita, ji ya dawo a ranar. Wani lokaci kuma ciwo ne mai magani. A nemi babban asibiti mai sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Ga na Nijeriya, akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Kada a sosa kunne da gashin kaza ko tsinken ashana, kuma kada a ɗiga mai ko ruwan ganye a kunnen da ke fitar da ruwa. Wanda kuma jinsa ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, wannan na gaggawa ne, ya tafi asibiti a ranar ko washegari, domin jinkiri na rage damar warkewa.

To jama'a, mu tattara. In wayarka ta yi maka ƙasa da murya, kada ka fara da sauko da manhaja. Fara da tambayar me ya sa. Ko ba layin da ya dace ka ɗaga ba, ko ƙura ta toshe sifika, ko wurin ne ya cika hayaniya, ko kuwa kunnen ne ke neman likita. Kowanne da maganinsa. Mai tsara murya, in wayarka ba ta da irin aikinta, ɗauko ta daga Play Store, ka duba izinin da take nema. Mai ƙara murya kuwa, in ta zama dole don wani saƙo maras ƙarfi, ɗaga ta kaɗan, da ka ji kakari ka sauke, da ka gama ka kashe, kuma kada ka taɓa haɗa ta da iyafis. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To shi kansa kunnen sai an tsare shi zai ci gaba da ji.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na wannan mako. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai sami dama ba. Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku a kan noma da kiwo da kasuwanci da lafiyar iyali. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.